Ranar da Gajeren Zango Ya Ji Rediyonsa

Duk layin babu wanda ya kai shi tsawo, amma Gajeren Zango ake ce masa. Baƙo in ya zo neman kafinta aka kwatanta masa shagon, sai ya riƙa duban ƙasa-ƙasa yana neman wani ɗan guntun mutum, har sai wani dogo ya sunkuyo ta ƙofa da fensir a maƙale a kunne ya ce, "Ni ne. Me za a yi maka?"

Sunan ya samo asali tun yana saurayi yana koyon aiki. Maigidansa yana da rediyo mai gajeren zango, irin wanda ke kamo tashoshin nesa. Eriyar ta karye, aka ɗaura mata wayar wuta. In lokacin labarai ya yi, shi ake sa wa ya riƙe bakin wayar ya ɗaga hannu sama, tunda hannunsa ne ya fi kusa da rufi. In ya motsa murya ta ɓace, in ya yi atishawa a koma wata ƙasa. Haka zai tsaya kamar an dasa shi har a gama. Abokan aikinsa suka laƙa masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓe shi hannu biyu. Da ya buɗe shagon kansa, kafin ya mallaki zarto na biyu ya mallaki rediyo.

Rediyon nan shi ne har yanzu a kan kantar shagon. Baƙi ne da can, yanzu ya koma kalar garin katako. Mariƙinsa ya tsinke, ya sassaƙa masa na itace. Murfin batir ya ɓata tun 'ya'yansa suna rarrafe, sai ya ɗaure wurin da robar tayar keke. Allurar da ke nuna tasha ta daɗe da tsayawa wuri ɗaya, amma shi bai damu ba, yatsunsa sun san inda kowace tasha take kwana. Da safe zai rataya shi a kafaɗa ya fito, da yamma ya koma da shi gida. In batir ya yi sanyi ya jera su a rana a kan benci, ya ce su ma hutu suke so.

Da shi aka yi renon 'ya'yansa. Sun san in an buga kiɗan buɗe labarai babu mai kuka, babu mai neman fensir. Suka girma, suka watse garuruwa, aka bar shi da matarsa, wadda yake kira Innar yara, ita kuma tana ce masa Malam.

Shagon da ke manne da nasa na Tela ne, abokinsa tun suna yara. Katako ne kawai ya raba su, kuma shi Zango ne ya kafa katakon. Tela ya girme shi, gemunsa ya yi fari fat, amma babu sabon abin da zai shigo kasuwa bai taɓa ba. Ya yi zamanin kaset, ya yi na faifai, ya yi na memori. Yanzu waya ce da shi, da iyafis na sawa a kunne, da wata 'yar sifika mai kamar gwangwanin madara, wadda in ya kunna sai wata mace ta yi magana da harshen waje kafin komai ya fito.

"Ga ta nan ta ba ka izini," in ji Zango daga bayan katako. "Mutum da gemunsa, ba zai ji labarai ba sai baƙuwa ta yarda."

"Gara ni," in ji Tela, yana taka keken ɗinki. "Naka fa? Tun safe ake suya a cikinsa, har yanzu ba a sauke ba."

"Wannan ba suya ba ce, nisa ne. Muryar da ta ƙetaro teku da duwatsu ta zo har shagona, so kake ta iso ba ta haki?"

"Tawa ma daga can take, ba ta haki."

"Taka ɗauko ta aka yi. Tawa da ƙafarta ta zo."

Kusan kullum haka suke, kuma ba sa gajiya. Tela ya ce shi in shiri ya wuce shi yana awon wani, in ya gama sai ya nemo shi ya ji daga farko. Zango ya ce labarin da ya zauna yana jiran mutum ai kwantai ne, kuma rediyo ne ya koya wa mutanen da cika alkawari, don ba ya jiran kowa. Tela ya ce wayarsa tana da tasha fiye da gashin kan Zango. Zango ya shafa sanƙonsa ya ce wannan ba abin alfahari ba ne. In sabis ya ɗauke, ɗan zoben nan ya fara juyawa a fuskar waya, Zango yakan ajiye guduma ya zagayo musamman ya tsaya a ƙofar Tela.

"Yaya mai jikin?" zai tambaya. "Har yanzu jiri ne?"

Masu kawo ɗinki da masu kawo gyaran kujera sun saba. Wasu ma sukan ƙara zama bayan an sallame su.

A 'yan shekarun nan sai Zango ya fito da sabon ƙorafi. Ya ce masu karanta labarai na yanzu ba sa buɗe baki. Na da, in ji shi, in suka ce kalma sai ka ji ta ta faɗo a gabanka ɗungurungum. Na yanzu kuwa kamar suna magana da abinci a baki. Ya ce tashoshin ma sun rage ƙarfi, duk sun tattara hankalinsu sun mayar kan masu waya. Saboda haka ya riƙa ƙara murya. Tun ana jin rediyon a shagon Tela har aka koma jin sa a bakin titi. Mai gyaran takalmi da ke tsallake ya sayar da nasa rediyon, ya ce ba shi da sauran amfani.

Akwai injin yanka katako da ya saya tuntuni, wanda in ya tashi sai tsuntsayen layin su canja bishiya. Shekara da shekaru kansa na dab da shi. Bai taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Wata mata ta zo ta ce a yi mata teburin cin abinci, a yi shi fari. Ya yi mata tebur mai faɗi, kyakkyawa, ruwan ƙasa, wanda ya ƙi shiga ƙofar ɗakinta ko ta tsaye ko ta kwance. Ya ce laifinta ne, ita ma irin 'yan zamanin nan ce masu magana ciki-ciki. A gida Innar yara ta ce, "Malam, ruwan wanka ya huce." Ya ce, "Wa ya wuce?" Ta kalle shi, ta nuna bokiti da hannu.

Ranar da abin ya fito fili, da yamma ne, ana tsakiyar shirin da ya fi so, wanda masu saurare ke aiko tambayoyi ana amsawa. An karanta tambayar wani a kan dalilin da ya sa ruwan teku ke da gishiri, mai gabatarwa ya gyara murya zai amsa, sai rediyon ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Zango ya ciro batiran ya murza a tafin hannu, ya ciji ɗaya, ya mayar. Shiru.

Tela ya leƙo. "Ta'aziyya na zo yi. Amma ga shirin nan a wayata, in kana so."

"Ba na so."

"To." Tela ya zauna a kan bencin, ya sa iyafis ɗaya a kunnensa, ya bar ɗayan yana lilo. Can sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe haka ne. Ikon Allah. Shi ya sa yake da gishiri."

Zango ya yi ta goge katakon da ya riga ya yi sumul. Da ya kasa daurewa ya ce, "Miƙo in ji irin ƙaryar da suke yi muku."

Ya sa a kunnen dama. Muryar ta shigo masa tsakiyar kai, tas, kamar mutumin yana zaune a kan bencin tare da su. Ya ji numfashinsa, ya ji lokacin da ya juya takarda. Mutumin nan ne dai da ya daɗe yana zargi da rashin buɗe baki, ga shi yana fitar da kowane harafi. Zango ya cire ya mayar kunnen hagu, don ya saba ba rediyo wannan ɓangaren. Ya jira. Ya danna shi ciki sosai.

"Ka gani," ya ce. "Har ya lalace. Kayan zamani kenan."

Tela ya karɓa ya sa a nasa kunnen. Ya saurara. Ya cire, ya naɗe wayar iyafis ɗin a yatsa a hankali, ya sa a aljihu. Bai yi dariya ba, bai ce uffan ba. Ya tambaye shi ko yana da sauran ƙananan ƙusoshi, ya karɓa, ya koma shagonsa.

Wannan shirun ne ya tsorata Zango. Tun suna yara bai taɓa ba Tela dama irin wannan ya bar ta ta wuce ba.

Ba a yi mako ba sai ga autarsa ta zo daga garin da take aure, da jaka ɗaya, ta ce marmarin gida ne ya kawo ta. Ya san Tela ne ya kira ta, ta san ya sani. Da safe ta ce, "Baba, raka ni asibiti." Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ta ce ai rakiya ta ce. Ya sa hularsa.

Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri. Kafin ya zauna sai da ya buɗe ƙofar ya rufe, ya duba yadda aka kafa ta, ya ce wanda ya yi aikin ya san hannunsa. Likitar kunne, wata matashiya mai tabarau, ta ɗora masa abin saurare a kai, ta ba shi wani maɓalli.

"Baba, duk lokacin da ka ji ƙara, ko yaya take, ka danna."

Ya zauna yana jira a fara. Yana nan yana jira sai ta buɗe ƙofa ta ce an gama da kunnen hagu.

Ta yi masa bayani a natse, tana kallon fuskarsa don ya ga bakinta. Na hagu ya yi nisa, na dama ya rage rabi. Ta tambayi sana'arsa, da ya ambaci injin ta gyaɗa kai. Ta ce akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne. Ya ɗaure fuska, ya ce shi ba zai yi yawo da waya a kunne kamar wani Tela ba. Ta ciro ta ta ɗora masa a tafin hannu, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake. Ya juya ta.

"Caji ake yi mata?"

"Wannan batir take amfani da shi, Baba. In ya ƙare a canja."

"Batir." Fuskarsa ta ɗan saki. "Wannan ɗan abin fa?"

"Nan ake murɗawa a ƙara ko a rage."

Ya dubi Auta. "Ai rediyo ne. Me ya hana ku faɗa tun farko?"

Aka maƙala masa ita. A hanyar komawa duniya ta cika masa da ƙara. Ya ji takalminsa na jan ƙasa, bai san haka yake tafiya ba. Ya ji ledar da Auta ta riƙe. Da suka shiga gida ya ji famfo na ɗiga, ya ji fankar ɗaki na wani ƙyas-ƙyas a kowane zagaye. Auta ta wuce ciki. Shi ya tsaya cire takalmi, sai ya ji wata murya ƙasa-ƙasa daga wajen murhu. Innar yara ce, ta ba shi baya tana juya tukunya.

"Ga shi nan ya dawo. Yanzu zai bar takalmi a tsakiyar hanya in yi tuntuɓe. Kafinta guda, ya gyara ƙofar kowa a garin nan, tasa tana kuka tun Auta na goye. Dogo har rufi, a ce ya sauko min da kwando daga saman kabad sai ya ce wa ya mutu."

"Gobe zan gyara ƙofar," in ji shi.

Ludayin ya tsaya. Ta juyo a hankali, ta dubi fuskarsa, ta dubi bayan kunnensa.

"Sun sa maka kenan."

"Sun sa. Tun yaushe kike gabatar da wannan shirin?"

"Wane shiri?"

"Wannan na ƙasa-ƙasa."

Ta mayar da murfin tukunya. "Ya daɗe. Safe da yamma ake yi, ba a fashi. Masu saurare ne babu."

"Ashe akwai tasha a cikin gidana ban taɓa kamawa ba."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi. Ya kwashe takalmin ya ajiye a gefe, ya shiga ya sauko da kwandon.

Bayan an ci abinci ya sa wa rediyo sabon batir, ya kunna a inda ya saba barin sa. Ƙarar da ta fito sai da ta sa ya ja da baya. Ya yi maza ya rage. Sannan ya zauna ya saurara, karo na farko cikin shekaru, ya ji abin da kowa ke ji. Akwai shuu mai kamar ruwan sama a kan kwano. Akwai wani fito da ke tashi yana sauka. Sifikar ta yage a ciki, duk kalma mai nauyi sai ta yi zizar ƙudan zuma. Can a ƙarƙashi muryar mai labarai take, tana nutsewa tana tasowa.

Ya daɗe da rediyon a cinya. Ya tuna mai gyaran takalmi, ya tuna matar nan mai tebur, kunya ta kama shi. Ya kuma ji wani abu mai kama da abin da mutum ke ji in ya haɗu da abokin da ya daɗe bai gani ba ya tarar ya tsufa. Ya goge masa garin katako da bakin riga. Bai kashe ba sai da aka gama labarai.

Washegari Tela na zaune a ƙofar shagonsa, ya ajiye almakashi, da alama tun ɗazu yake jira.

"An ce an buɗe maka tasha."

"An buɗe."

"Ka ji mutumin naka?"

"Na ji shi."

"To?"

"Yana da ɗan tari. Wa ya kai shekarunsa ba ya tari? Kai ma ga shi ina jin ƙirjinka daga nan."

Tela ya yi dariya har da buga cinya, ya kunna 'yar sifikarsa don ya nuna masa yadda murya take in tana da lafiya. Zango ya karkata kai ya saurara irin sauraren da yake yi wa katako in ya ƙwanƙwasa shi.

"Tas take, ban musa ba," ya ce. "Amma ba ta da ciki. Kamar sauro a gwangwani. Miƙo ta."

Ya auna ta da tef, ya tsinci guntayen katako a ƙarƙashin tebur. Kafin azahar ya haɗa ɗan akwati mai rami a gaba, ya goge shi, ya zaunar da sifikar a ciki. Da aka kunna sai muryar ta yi kauri, ta cika shagon. Tela ya kashe, ya ciro ta, ya kunna, ya mayar, ya sake kunnawa.

"Ba laifi," ya ce.

"Ba laifi kawai?"

"Me ya kawo mariƙi a sama?"

"Abin saurare ba mariƙi ai tsirara yake."

Tela ya ɗinka wa gaban akwatin ƙyalle mai raga don kada ƙura ta shiga. Wani mai shagon aski ya gani ya ce a yi masa. Daga nan direbobi, daga nan masu sayar da kaya a bakin titi. Yanzu in ka wuce shagon za ka ga akwatunan a jere, kowanne da mariƙinsa. Tela yana cewa Zango ya koma yi wa zamani aiki. Zango yana cewa tarbiyya yake ba su. In gardama ta yi zafi, Tela ya kawo hujjar da ba ta da amsa, sai Zango ya kai hannu bayan kunne ya murɗa, ya ci gaba da aikinsa yana murmushi, Tela na ta bayani shi kaɗai. In zai tada inji kuwa, yanzu sai ya cire na'urar ya toshe kunnuwa, kamar yadda likita ta ce.

Kafin Auta ta koma ta bar wa Innar yara waya. Bayan 'yan kwanaki saƙon murya ya shigo. Jikarsa ce, wadda ba ta daɗe da fara magana ba, tana cewa a gaishe da Kaka, a tambaye shi ko kunnensa ya warke. Innar yara ta kunna masa, ya ce a sake, ta sake.

"Sai ka ba ta amsa, Malam. Nan za ka danna ka riƙe."

Ya ce shi ba ya magana da gilashi. Ta ajiye wayar a kan tabarma kusa da shi ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ji ya gyara murya. Ya miƙe zaune, ya riƙe wayar nesa da baki, ya yi sallama cikin wata murya mai nauyi da ba ta san shi da ita ba. Ya gaishe da jikar, ya gaishe da uwarta da ubanta, da maƙwabtansu na dama da na hagu, da duk wanda ke kusa yana saurare. Ya sanar da cewa kunne ya samu sauƙi, an gyara ƙofar ɗaki, famfo ma an ɗaure shi. Ya rufe da fatan alheri daga nan inda yake.

Da ya saki yatsa sai ya taɓa wani wuri, saƙon ya fara karanta kansa. Ya saurara, girarsa ta haɗe.

"Wane tsoho ne wannan?"

"Kai ne."

"Muryata ba haka take ba. Wayar ce ta ɓata ta. Ji yadda yake jan magana, ji wani kaki."

"Shi muke ji kullum," in ji Innar yara, ba ta ɗago daga tire ba. "Mun saba da shi."

Ya sake kunnawa, ya ji har ƙarshe. Ya ce gaisuwar dai ta yi tsari, sai dai ya manta bai ambaci surukarsu ba, kuma za ta ji haushi. Ya tambaye ta ina ne ma ake dannawa.